Likitan da Ya Ƙirƙiro Sherlock Holmes, da Ranar da Ya Sassauta wa Hujja

Sharhinmu na yau zai kai mu Ingila, wurin wani likita da ya rasu tun 1930. Kada nisan wurin ya sa ku juya akalar rediyo, domin abin da ya yi fama da shi yana nan cikin zaurukanmu: yaya mutum zai riƙe hankalinsa da hannu ɗaya, ya riƙe imaninsa da gaibi da ɗaya hannun, ba tare da wani ya yi amfani da imanin ya ƙwace masa hankalin ba?

Sunan mutumin Arthur Conan Doyle. An haife shi a birnin Edinbara na ƙasar Sikotlan a 1859, a gidan mabiya ɗariƙar Katolika, kuma malaman cocin ne suka yi masa tarbiyya a makarantar kwana. Kafin ya gama karatun likita a 1881 ya riga ya bar cocin, ya koma cikin masu cewa ba su karɓar abin da ba a iya gwadawa. Ya ma taɓa zuwa gaɓar ƙasar nan. A ƙarshen 1881 ya yi aikin likita a wani jirgin ruwa mai suna Mayumba da ke zirga-zirga tsakanin Ingila da Afirka ta Yamma, zazzaɓi ya kwantar da shi a wajajen Legas, da ƙyar ya sha.

Cikin malamansa akwai wani likita, Joseph Bell, wanda in majinyaci ya shigo, kafin ya buɗe baki sai ya gaya masa sana'arsa da inda ya fito, daga kantar hannunsa da tafiyarsa da irin ƙasar da ta manne wa takalminsa. Daga halin wannan malami Doyle ya gina Sherlock Holmes, mai binciken laifuffuka da ya fara bayyana a 1887, wanda aka yi littattafai 4 da gajerun labarai 56 a kansa. Duk wanda ya taɓa ganin mai bin sawu a daji, ya duƙa ya dubi kofato ya ce saniyar nan gurguwa ce kuma da asuba ta wuce, ya san irin aikin Holmes. A labarinsa da ya fi shahara, mutanen wani yanki sun yi imani wani baƙin kare na aljanu ne ke kashe magadan wani gida. Holmes ya bi diddigi har ya gano kare ne na gaske, wani ɗan uwansu mai kwaɗayin gado ya shafa masa sinadari mai ƙyalli cikin duhu.

Ba a takarda kaɗai Doyle ya yi wannan ba, kuma a nan nake son mu ɗan zauna. A 1903, a wani ƙauye mai suna Great Wyrley, aka riƙa wayar gari ana samun dawakai da shanu an farke musu ciki cikin dare. Hankalin jama'a ya tashi, ana neman wanda za a ɗora wa laifi. Akwai wani matashin lauya a ƙauyen, George Edalji, ɗan limamin cocin garin. Mahaifinsa ɗan asalin Indiya ne, fatarsa ba irin tasu ba, kuma an daɗe ana jefa wa gidansu wasiƙun zagi marasa suna. Shi aka kama, aka yanke masa shekara 7. Yana kurkuku aka ci gaba da yanka dabbobi, amma hakan bai sa hukuma ta sake tunani ba. Bayan shekara 3 aka sake shi ba tare da an wanke shi ba. A farkon 1907 ya haɗu da Doyle a wani otal a Landan. Doyle ya hango shi yana karanta jarida, ya kawo ta dab da idonsa yana karkata kai. Da yake ya yi karatun ciwon ido, nan take ya gane mutumin nan ba ya gani sosai ko da rana, balle ya ratsa gonaki da shingaye cikin dare da ruwan sama ya farke doki ba a gan shi ba. Ya je ƙauyen, ya duba ƙasar wurin, ya karanta takardun shari'ar, ya rubuta abin da ya gano a jarida. A shekarar aka yi wa Edalji afuwa, ko da yake ba a biya shi ko sisi ba, kuma wannan shari'a na cikin abubuwan da suka sa Ingila ta kafa kotun ɗaukaka ƙara ta manyan laifuffuka a 1907.

Wannan shi ne mutumin. Tun yana ƙaramin likita ya rubuta yana kare rigakafin agana. A 1890, da duniya ta ɗauka Robert Koch ya samo maganin tarin fuka, Doyle ya tafi Jamus ya duba da idonsa, ya ce a yi hattara, ba a tabbatar ba tukuna. Shi ya yi gaskiya.

To, shi ɗin dai, a 1916, ya fito fili ya ce ya gamsu ana iya magana da matattu. Mutane da yawa na cewa mutuwar ɗansa ce ta juya masa kai, amma lissafin shekaru bai yarda ba. Tun 1887, shekarar da Holmes ya bayyana, Doyle yake halartar zaman kiran ruhohi, inda ake rage fitila a zauna kewaye da tebur, wani ko wata da ake cewa ruhohi na sauka a kansa ya riƙa isar da saƙo. Ɗansa Kingsley, wanda aka raunata a yaƙin duniya na farko, a watan Oktoban 1918 ya rasu, ƙanen Doyle, Innes, ya bi shi a Fabrairun 1919. Rashin bai haifi aƙidar ba, amma ya ɗaure ta tamau. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Yaƙin ya ci sojojin Birtaniya fiye da 700,000, da yawansu ba a ga ko gawarsu ba. Gida-gida akwai uwar da ke son ta ji kalma ɗaya daga ɗanta.

Yaya ya haɗa wannan da hankalin da yake tinƙaho da shi? A wurinsa babu saɓani ko kaɗan. Cewa ya yi shi ba imani ya yi ba, bincike ya yi ya samu shaida, kamar yadda ya yi a shari'ar Edalji. A littattafan da ya fitar a 1918 da 1919 ya nuna cewa addinin Kirista ya raunana ne saboda yana neman mutane su yarda da abin da ba su gani ba, ga shi yanzu an samu hanyar gwada rayuwa bayan mutuwa kamar yadda ake gwada magani. Sai ya sake fassara addinin gaba ɗaya. Ya ajiye batun fansar zunubi ta hanyar gicciye, wanda shi ne ginshiƙin aƙidar coci, ya ajiye wuta ta har abada, ya ce a dubi rayuwar Annabi Isa da koyarwarsa fiye da mutuwarsa. Mu'ujizojin da ke cikin Linjila kuwa ya ce irin abin da ake gani ne a zaman kiran ruhohi, sai dai sun fi ƙarfi. Ya so 'yan uwansa masu wannan aƙida su rubuta a ƙa'idojinsu cewa Annabi Isa ne jagoransu, ba su amince ba.

Adalci ne a faɗa wa masu sauraro, Musulmi da Kirista, cewa wannan ba koyarwar coci ba ce. Littafi Mai Tsarki ya hana tuntuɓar matattu, kuma labarin Sarki Saul da ya je wurin wata mai duba da dare ba labarin yabo ba ne. Fadar Paparoma ta haramta wa mabiyanta halartar irin wannan zama a 1917, taron manyan limaman Angilikan na 1920 ma ya yi gargaɗi a kai. Doyle ya tsaya ne tsakanin gida biyu: masana kimiyya na cewa shaidarsa ba ta kai ba, limamai na cewa addininsa ba shi ba ne.

Ra'ayina a nan, ba na ganin laifinsa don ya yarda akwai rayuwa bayan mutuwa. Ni ma na yarda, ku ma kun yarda. Inda ya faɗi shi ne ya ce shaida ce ta kai shi, alhali ma'aunin da ya auna shaidar 'yan sanda da shi a kan Edalji, bai auna shaidar masu kiran ruhohi da shi ba. Ga misali biyu.

A 1917 wasu 'yan mata biyu a ƙauyen Cottingley, Elsie mai shekara 16 da Frances mai shekara 9, suka ɗauki hotuna a bakin rafi tare da wasu 'yan mitsi-mitsin halittu masu fukafukai, irin aljanun tatsuniyoyin Turawa. Doyle ya buga hotunan a mujalla a ƙarshen 1920, ya kuma rubuta littafi sukutum a kansu a 1922. Kamfanin Kodak ya ƙi ba da takardar tabbatar da su, hakan bai tsayar da shi ba. Hujjarsa ita ce yara mata 'ya'yan talakawa ba za su iya shirya irin wannan yaudara ba. Sai a 1983, suna tsofaffi, suka faɗi gaskiya: zane ne suka kwaikwaya daga wani littafin yara, suka yanka a kwali, suka kafe da allurar hula.

Na biyun ya fi ba ni tausayi. Doyle ya yi abota da Harry Houdini, shahararren mai wasan dabo na Amurka, wanda ake ɗaure shi da sarƙa a jefa a ruwa ya kuɓuta. Houdini ya yi ta gaya masa cewa duk dabara ce da horo, babu wani aljani a ciki, kuma ya shafe shekaru yana tona asirin masu damfarar mutane da sunan matattu. A 1922 matar Doyle ta zauna ta rubuta shafi 15, ta ce saƙo ne daga mahaifiyar Houdini da ta rasu. Saƙon da Turanci mai kyau ya zo, alhali tsohuwar ba ta iya Turanci sosai ba. An zana gicciye a saman takardar, alhali Bayahudiya ce, matar malamin Yahudawa. Houdini ya ce wannan ba uwarsa ba ce, abotar ta mutu. Abin da ya fi ɗaure kai, Doyle ya ci gaba da cewa Houdini yana da baiwar ruhohi, ɓoyewa kawai yake yi. Mai abu ya ce dabara ce, kai ka ce a'a. In aƙida ta kai inda musun mai ita ma ya zama ƙarin hujja, to ta fita daga hannun bincike, ko da mai ita likita ne.

Yanzu mu dawo gida. Mu ba mu da matsalar da Doyle ya fara da ita, ta neman sai an auna ruhi a ɗakin gwaji kafin a yarda. Alƙur'ani ya riga ya gaya mana a Suratul Isra'i cewa sanin ruhi na Ubangiji ne, abin da aka ba mu kaɗan ne. Mun yarda da mala'iku da aljanu da kwanciyar kabari, kuma ba hoto muke jira ba. Matsalarmu ita ce ta biyun. Mukan ɗauka cewa tunda mun yarda akwai aljani, dole mu yarda da duk wanda ya ce aljani ya gaya masa abu. Waɗannan abubuwa biyu ne daban. Na farko labari ne daga wahayi. Na biyu da'awa ce daga bakin wani ɗan Adam da ke zaune gabanka, yana da ciki, yana da aljihu, yana da abokan gaba.

Kuma addinin da kansa ne ya raba su. A Suratu Saba an ba mu labarin aljanun da suka ci gaba da wahalar aiki ba su san Annabi Sulaimanu ya rasu ba, sai da gara ta ci sandarsa ya faɗi. Wanda bai san abin da ke gabansa ba, ina zai san wanda ya sace maka akuya? A Suratu Yusuf, da aka yi wa Annabin Allah ƙazafi, ba duba aka yi ba, riga aka duba, aka ga ta baya ta yage. Wannan aikin mai bincike ne tsantsa. Suratul Hujurat ta umurce mu da tantance labari kafin mu afka wa mutane cikin rashin sani mu dawo muna nadama. Hadisi ya gargaɗi mai zuwa wurin ɗan duba da asarar ladan sallar kwana arba'in.

Akwai kuma wani abu da nake son duk mai jin zafin rashi ya ajiye kusa da labarin Doyle. Ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu a Madina, rana ta yi husufi. Mutane suka ce don mutuwar yaron ne. Ga uba cikin hawaye, ga alama a sama, ga jama'a sun riga sun yi mata fassarar da za ta sanyaya masa zuciya ta ƙara masa daraja. Ya tashi ya gyara musu, ya bayyana cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar kowa ko haihuwarsa. Babu wanda ya kai shi sanin gaibi cikin halitta, amma bai bar baƙin ciki ya ƙirƙiro masa hujja ba.

Ƙasar nan ma ta ga irin wannan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara, ya zauna a Faru ta ƙasar Maradun. Sufi ne Baƙadire, mai wuridi, wanda bai taɓa shakkar gaibi ba. Amma ya yi rubutu yana yaƙar bugun ƙasa da yanka wa itatuwa da duwatsu, kuma da masoyansa suka fara cewa shi ne Mahadi, da alƙalaminsa ya musanta.

Me ya sa na kawo wannan magana yanzu? Domin muna cikin irin halin da Ingila ta shiga bayan yaƙi. A Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, a farkon Satumba aka ɗebi ɗalibai a Kaya ta Maradun. Waɗannan su ne duniya ta ji. Waɗanda aka ɗauke a gona da kan hanya da cikin ɗaki, Allah kaɗai ya san yawansu. Uwar da ɗanta ke daji, ba ta san yana raye ko ya mutu ba, za ta sayar da tukunyarta ta ƙarshe don a gaya mata kalma ɗaya. Ba na zarginta, kamar yadda ba na zargin iyayen sojojin Ingila. Wanda nake zargi shi ne mai shimfiɗa buzu ya baza ƙasa a faifai ya karɓi abin da ya rage mata. Addu'a ba a sayar da ita da alƙawarin rana da sa'a. Malami na gaskiya zai ce mu roƙi Allah, ba zai ce an nuna masa inda yaron yake ba.

Abin da ya fi damfara muni shi ne nuna yatsa. A yau kalma ɗaya, a ce wane infoma ne, ta isa a raba mutum da ransa kafin la'asar. Haka kalmar maita take ga tsohuwa marar gata. In aka tambayi tushen maganar, wani lokaci sai ka tarar mafarki ne, ko mai iska ce ta ambaci suna tana cikin buguwa, ko kuwa mutumin baƙo ne, ko Bafulatani ne da ya shigo kasuwa ranar Talata da kuɗin saniyarsa a aljihu. Masu kai wa 'yan bindiga labari suna nan, babu mai musun wannan, kuma sun cuci al'umma. Amma ku tuna da Edalji. An kama shi, zukata sun yi sanyi, dabbobi kuwa aka ci gaba da yankawa, domin mai wuƙar yana waje. Duk ranar da aka kashe wanda ba shi ba, an ɗauki alhakin rai, mai laifin na gaske kuma ya samu mafaka. Jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya kamata ta fi kowa sanin ƙa'idar da kowane alƙali ke farawa da ita, cewa wanda ya kawo ƙara shi ke kawo shaida, kuma zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Batun lafiya ma haka. A 2010 yara suka riƙa jijjiga suna suma suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. A al'adarmu, yaro in ya sanƙare ido ya juye, bakinmu ya fi saurin zuwa ga iska. Su ma likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da farko zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau suka yi zato, suka ba da magani bai yi ba. Abin da ya bambanta su shi ne da zatonsu ya ƙi aiki sai suka sake shi. Suka lura gidajen da ake daka da niƙa duwatsun zinariya su ne suka fi rasa yara, suka ɗebi jini aka gwada, aka ga gubar dalma. Yara aƙalla 400 sun riga sun tafi. Da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, aka ba yara maganin da ke fitar da gubar, mutuwar ta ragu ƙwarai. Ba wanda ya hana iyayen nan addu'a, kuma ba wanda zai ce ba Allah ne ya kawo sauƙin ba. Ta hannun masu tambaya da gwaji ya kawo shi.

Ina kira ga ɗalibanmu na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da sauran makarantu, ku da kuke wuni da ma'auni da lissafi: kada ku ɗauka ilminku rigakafi ne. Doyle ya fi yawancinmu karatu. Mai ilmi in ya so abu ya zama gaskiya, ya fi jahili iya ƙera masa hujja. Kuma kada wani ya ce muku sai kun raina imanin iyayenku kafin ku zama masu bincike. Abin da ake nema ƙarami ne amma yana da nauyi: in an kawo maka magana a kan wani mutum, ko a kan wata cuta, ko a kan ɗanka da ya ɓace, ka tambaya wa ya gani, yaushe, me mai faɗar zai samu, kuma mene ne in ya bayyana zai sa ka janye. Ka fi tsananta tambayar a ranar da amsar ta yi maka daɗi.

Doyle bai janye ba har ƙarshe. Ya kashe dukiya mai yawa yana yawon wa'azin aƙidarsa a Amurka da Ostareliya da Afirka ta Kudu, ya buɗe kantin littattafanta a Landan. A farkon 1930 ya fice daga ƙungiyar binciken al'amuran ruhohi da ya shiga tun 1893, saboda a ganinsa ta cika tsananta wa masu kiran ruhohi da tambaya. Ya rasu ranar 7 ga Yulin wannan shekara, yana da shekara 71.

Allah ya kuɓutar da waɗanda ke hannun 'yan bindiga, ya ji ƙan waɗanda muka rasa, ya zaunar da Zamfara lafiya.